Gyaran amfilifaya a Sabon Gari: sauti ya dawo, amma da sauran magana

Tun da aka canza wa amfilifayar Islamiyyarmu, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, manyan tiransistocinta, 2SC5200 da 2SA1943, muryar Malam ta koma kamar ana yaga takarda. Abin ɗaure kai, in an ƙure sauti da ƙyar ka lura, amma da an rage, yara suna karatu a hankali, sai ƙarar yagewar ta fito fili. Wasu suka ce lasifika ce.

Wani mai gyara a Sabon Garin Kano na kai wa, kuma gaskiya ya burge ni. Yana saurara ya ce, "Alhaji, bayas aka kashe maka." Ya yi min bayani cewa tiransistocin nan biyu karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ya tura sauti, ɗaya ya janyo, kuma kowanne ba ya tashi sai ya samu kusan bolt 0.6. In ba a bar musu 'yar wuta tana gudana ba, wato bayas ɗin ke nan, wajen miƙa aikin sai a samu giɓi, ƙaramin sauti kuwa a nan yake faɗawa. Ashe wanda ya taɓa ta da farko murɗe firiset ɗin, ɗan abin da ake saita bayas da shi, ya yi gaba ɗaya don kada ta yi zafi ta dawo masa. Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

A gabana ya cire lasifika, ya ɗora mita a kan rezisto mai om 0.22, yana murɗa firiset ɗin kaɗan-kaɗan har ta nuna wajen milibolt 10. Ya bari ta ɗumama, ya sake dubawa. Ya kuma tarar da ƙaramin tiransistan bayas yana lilo, bai manne da ƙarfen sanyaya ba. Ya ce a zafin Afrilu na Kano, haka wuta za ta yi ta hawa har manyan su sake ƙonewa. Ya shafa farin mai, ya ɗaure shi.

Sauti ya fita tas, alhamdulillahi.

Sai dai a kan sabuwar fankar amfilifayar da na biya kuɗinta, mai gyaran ya hana ni sakat da "gobe, gobe", ƙarshe tsohuwar fanka ya sa min. Murfin ma da kusoshi biyu ya dawo. Ilimi yana da shi, wannan ba musu, amma duk wanda zai kai masa aiki ya zauna a kansa har ya gama, kar ya biya kuɗin kaya sai ya gan su da idonsa.