Faifan Tom da Jerry na Warner: Aikin da Ya Cancanci Kuɗinsa

Na sayi kashi na farko na Tom and Jerry Golden Collection, wanda kamfanin Warner ya fitar a shekarar 2011, kuma na shafe mako biyu ina kallonsa da yarana bayan sallar isha'i. Faifai biyu ne masu ɗauke da gajerun katun 37 da William Hanna da Joseph Barbera suka shirya wa kamfanin MGM a Amurka tsakanin 1940 da 1948, an kuma jera su bi da bi yadda suka fito. Saboda wannan jeri, mai kallo zai fara da muzurun da ake kira Jasper, mai gashi buzu-buzu kuma mai tafiya da ƙafa huɗu, ya bi shi har ya rikiɗe ya zama Tom ɗin da muka sani.

An wanke hoton fes, sauti kuma ya fita tangaram, kuma a nan ne darajar faifan take, domin barkwancin duka da faɗuwa ba ya ba da dariya sai an saita lokacinsa daidai. A katun ɗin The Cat Concerto na 1947, wanda ya ci kyautar Oscar, Tom ya fito cikin baƙar kwat yana kaɗa fiyano, Jerry kuwa yana barci a cikin akwatin kiɗan har ƙananan gudumomin da ke buga wayoyin cikinsa suka tashe shi. Da ɓeran ya ɗana tarko a kan madannai, yatsan Tom ya faɗa ciki ya kumbura, amma kiɗan bai tsaya ba ko da daƙiƙa ɗaya. Scott Bradley ne ya tsara kiɗan waɗannan katun, kuma kowane mari, kowane tuntuɓe, yana sauka ne a kan bugunsa. Ƙaramar 'yata, wadda ba ta jin Turanci, ta yi dariya har da hawaye, don kusan babu magana a ciki.

Akwai abin da ya sosa mini rai. Baƙar matar gidan da ke fitowa a wasu daga cikin katun ɗin, wadda galibi ƙafafunta da silifas kawai ake nunawa, an zana ta ne da sigar raini irin ta wariyar launin fata ta wancan zamani. Kamfanin ya sa gargaɗi a kan haka, kuma ya kyauta da bai ɓoye ba, amma ya kamata iyaye su zauna kusa su yi wa yara bayani, su kuma ja musu kunne cewa kaskon da ya lotse a fuskar Tom zai fasa kan mutum.

Takaicina na biyu shi ne katun 114 Hanna da Barbera suka yi kafin 1958 ta ƙare, faifan kuwa ya tsaya a kan na 37, kuma kashi na biyu da aka shirya fitarwa a 2013 an janye shi.