Bugun Japan, na Taiwan ko na ƙasar Sin: wane faifai ya dace ka saya?

Duk wanda ya fara tara faifan CD na mawaƙan ƙasashen waje, ba ya daɗewa sai ya lura cewa kundin waƙoƙi guda ɗaya yana fitowa da fuskoki daban-daban, gwargwadon ƙasar da aka buga shi. Wanda aka buga a Japan daban, na Taiwan daban, na Hong Kong daban, haka ma na babban yankin ƙasar Sin, kuma bambancin ya wuce na kwali da hoto, domin yakan taɓa yawan waƙoƙin da ke ciki, har ma da sunan mawaƙin kansa. Ni dai bugun Taiwan nake saye duk lokacin da na same shi.

Bugun Japan shi ne wanda kowa yake yabo, kuma ya cancanci yabon. Ana gane shi da wata siririyar takarda da ake naɗa wa gefen kwalin, wadda suke kira obi, wato ɗamarar da ake ɗaure rigar kimono da ita, kuma a jikinta ne ake rubuta farashi da kuɗin yen. Da yake dokar Japan ta ba kamfanonin waƙa damar tsayar da farashin faifai, nasu yakan fi wanda ake shigowa da shi daga Amurka ko Turai tsada, shi ya sa suke ƙara waƙa ɗaya ko biyu a matsayin gyara, don kada mutanensu su koma sayen na waje. Aibinsa kuɗi ne kawai, kuma idan ɗamarar ta ɓace, darajarsa a wurin masu tarawa takan faɗi ƙasa warwas.

Bugun Taiwan shi ma yana zuwa da irin wannan ɗamara, sai dai da rubutun Sinanci, kuma yawanci akwai takardar fassarar baitocin a ciki. Waƙoƙin a cike suke kamar yadda mawaƙin ya fitar da su, farashinsa kuma bai kai na Japan ba. Abin da ya fi jan hankalina gare shi shi ne yadda mutanen Taiwan suke raɗa suna. Ba su cika tsayawa ga kwaikwayon sautin sunan Turanci kawai ba, sukan ƙaga wa kundin wani take na Sinanci mai ma'anarsa daban, su kuma yi wa mawaƙin laƙabi. The Beatles a wurinsu Pitousi ne, sunan da ya kama sautin na asali, kuma harafinsa na ƙarshe yana nufin huɗu, adadin 'yan ƙungiyar ke nan, alhali a babban yankin Sin akan kira su Jiakechong, wato ƙwaro mai ɓawo. Lady Gaga kuwa Nushen Kaka 'yan Taiwan suke ce mata, ma'ana allahiya Kaka, wanda idan Bahaushe ya ji zai zaci wata tsohuwa mai jikoki ake nufi. Michael Jackson sunansa uku: Maike'er Jiekexun a babban yankin, Maike Jiekesen a Taiwan, a Hong Kong kuma wani abu kusa da Maigo Jiksan, domin su da lafazin harshen Kantonis suke zaɓen haruffa, ba da na Mandarin ba. Wannan yana da amfani ga mai saye, saboda sunan da ke kan ɗamarar kaɗai ya isa ya faɗa maka inda faifan ya fito. A kula dai, wasu faifan da ake sayarwa a Taiwan a Turai aka buga su, ɗamarar kawai aka manna musu a can.

Na Hong Kong ba shi da laifi, amma ban ga abin da ya fi na Taiwan da shi ba. Na babban yankin Sin kuwa, ko da na halal ne mai ɗauke da sunan kamfanin ɗab'i da lambar ISBN, wato lambar rajistar ɗab'i, sai an ƙirga waƙoƙinsa kafin a biya, domin hukumar tace waƙoƙi takan sa almakashi. Kundin Forty Licks na ƙungiyar The Rolling Stones, wanda sunansa ma yake nuna waƙa 40, sai da aka cire masa huɗu kafin a bari ya fita a can a 2003.

Babbar matsalar dai ita ce jabu. Na taɓa ba wani ɗan'uwana da ke fatauci zuwa Guangzhou, a babban yankin Sin, saƙon faifai uku, na jaddada masa cewa bugun Japan nake so. Ya kawo su a naɗe cikin leda, suna ta ƙyalli, kowanne da ɗamararsa. Sai da na zauna da su a tsakar gida da hasken rana na ga abin da aka yi mana. Harafin da ake rubuta kalmar kiɗa da shi yana da siffa uku: Taiwan da Hong Kong suna rubuta 樂, Japan tana rubuta 楽, babban yankin Sin kuma, wanda ya fara sauƙaƙa haruffansa a 1956, yana rubuta 乐. A kan ɗamarar da aka ce ta Japan ce, a ƙasan ƙananan rubutu, sai ga 乐 a zaune daram. Ɗan'uwan nawa ba shi da laifi, domin shi duka rubutun ɗaya yake gani, kamar yadda ni ma nake gani a da.

Tun daga ranar nake juya kowane faifai in duba cikinsa. A zoben nan mai kama da madubi da ke kewaye da ramin tsakiya, faifan da aka buga bayan 1994 yawanci yana ɗauke da rubutun IFPI, gajeren sunan ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, tare da harafin L da wasu lambobi, sannan akwai wani IFPI ɗin ƙarami ƙwarai da aka danna a jikin robar kanta, wanda sai ka karkata faifan ga haske za ka gan shi. Na farkon yana nuna inda aka yanka uwar faifan, na biyun kuma injin da ya zuba shi. A faifan nan uku nawa, wurin na biyun a goge yake, kamar an bi shi da bakin allura mai zafi. Gaskiya ne masu jabu na yanzu suna iya kwaikwayon waɗannan lambobi, amma har yau da yawansu ba sa wahalar da kansu. Sai kuma lambar kaya da ke ƙarƙashin baƙaƙen layukan bayan kwali: ta Japan tana farawa da 45 ko 49, ta Taiwan 471, ta Hong Kong 489, ta babban yankin Sin kuma da 69. Manyan kamfanoni sukan bar lambar ƙasarsu ta asali a wasu bugu, saboda haka rashin 471 ba hujja ba ce a kan faifan Taiwan, amma ɗamarar Japan da lamba mai farawa da 69 ba sa zama a kwali ɗaya.

A guji kuma akwatunan gwangwani ko na katako masu faifai uku ko goma a ciki, waɗanda aka cika su da alkawarin zinariya da sauti na musamman, an haɗa waƙoƙin kundi biyar wuri guda a farashin ɗaya. Faifan da aka tsaga gefensa da zarto kuwa labarinsa daban ne. Shi ake kira dakou, rarar kayan kamfanonin Amurka ne da aka lalata aka tura Sin a matsayin bolar roba a shekarun 1990, matasa suka riƙa tsintowa suna saurare. Na asali ne, sai dai tsagar takan ci waƙar ƙarshe, tunda faifan CD daga tsakiya yake fara karatu ya nufi baki. Idan mai sayarwa a intanet ya ƙi turo maka hoton zoben ciki da na ɗamarar daga kusa, ka riƙe kuɗinka.