Raudar da 'yata take zuwa a Makka, ga abin da na gani

Mata da yawa sun tambaye ni a kan rauda, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, da na sa 'yata nan wajen unguwar Rusaifa, to bari in amsa gaba ɗaya. Ta kuɗi ce, irin wadda ake cewa ahliyya, ba sai kin yi ta gadin ranar buɗe rajista a Nur, shafin rajistar makarantu na gwamnati, ba, kije da takardun yaro da katin rigakafi su buɗe masa fayil. Ginin dai ba wani abin azo a gani bane, gida ne aka mayar makaranta, tsakar gidan ƙarami an rufe shi da rumfa saboda zafin Makka.

Abin da ya riƙe ni a wurin shine yadda su abla, wato malaman, suke ɗaukar iyaye. Satin farko da ake barin uwa ta zauna da ɗanta, ablar ajinsu ta jawo kujera kusa da ni tana tambaya, wane yare kuke yi a gida, me yake sa ta kuka, a hannun wa take wuni. Nace mata yarinyar goyon kaka ce, Hausarta tafi Larabcin ƙarfi, wallahi ina jiran tace ku daina mata Hausa kamar yadda aka gaya wa wata 'yar uwata a wani wurin, sai ta ɗauko biro tace in faɗa mata yadda yarinyar take neman ruwa da banɗaki, ta rubuta da harafin Larabci ta manna kusa da ƙofa. Tace ku cigaba da yarenku, Larabci zata ɗauka a bakin yara. Kuma ta ɗauka ɗin, yanzu ita ke gyara wa kakarta.

Akwai lokacin da ta fara cizon yara. Ba a sa maganar a guruf ɗin WhatsApp ba, bayan azahar abla ta kira ni ni kaɗai, ta fara da cewa yarinyar ta haddace Fatiha kuma tana son wajen zane, sannan ta kawo zancen cizon, ta tambaya ko wani abu ya canza a gida. Lokacin ban daɗe da haihuwa ba, ashe kishin ƙani ne. Muka yi shawara, ita ta bata aikin raba kofuna lokacin karin kumallo, ni kuma in ware mata lokacinta da daddare in jaririn yayi barci, duk Alhamis ta turo min saƙon murya yadda satin ya kasance har abin ya wuce. Ko sau ɗaya bata sa naji kamar na gaza tarbiyya ba.

Amma akwai gyara gaskiya. Saƙonni suna zuwa a makare, sai ƙarfe goman dare ace gobe a sa wa yara koren kaya na bikin ranar ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba. Taron iyaye mata kuma da safe ake yi, masu aiki basa samun zuwa. Iyaye maza kam an barsu a baya, tunda namiji baya shiga, iyakar babanta bakin ƙofa haris, wato mai gadi, ya kira sunanta a lasifika, ba wanda yake gaya masa komai sai ni, nayi wa mudira, shugabar makarantar, magana a riƙa tura masa rahoto ko a wata sau ɗaya tace zata duba, har yanzu dai shiru. Kuɗin kayan makaranta da na fita yawo daban ne, ki tambaya tun farko.

Duk da haka badi ma nan zan barta in Allah ya kaimu. Suna buɗewa Lahadi zuwa Alhamis, mai son gani taje da safe lokacin halƙa, da yara ke zama a zagaye da abla, ta roƙi a barta ta leƙa aji, kuma ta tafi da yaron.