Tafkunan tace ruwan kwata: sun kashe cuta, amma kogi na biyan bashi

Ga ƙaramin gari mai fili amma marar isasshiyar wutar lantarki, tsarin tafkuna uku a jere shi ne mafi sauƙin riƙewa. Rana da ƙwayoyin bakteriya da gansakuka su ke yin aikin, babu injin da zai mutu cikin dare.

Ruwan kwata na fara bi ta raga da ramin yashi, sannan ya shiga tafki na farko mai zurfin mita 3 zuwa 5. Laka na kwantawa a ƙasa, kuma inda zafi ya kai digiri 20 ko fiye, kwana ɗaya zuwa biyu sun isa a rage kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙazantar da ake aunawa da BOD, wato yawan oksijin da bakteriya ke ci wajen ruɓar da ita. Na biyu zurfinsa wajen mita 1.5 ne, don hasken rana ya ratsa. Na uku, wajen mita ɗaya, shi ne makashin ƙwayoyin cuta.

A nan tsarin ya cancanci yabo. Ƙwan tsutsar ciki na nutsewa, kuma idan ruwa ya yi makonni yana tafiya, ana iya cika ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 kan ban ruwa: ƙwayoyin bakteriyar najasa kada su haura 1,000 a mililita 100.

Matsalar tana bayan bututun fita. Ruwan na fitowa kore shar, maƙil da gansakuka. Da ta shiga rafi mai inuwa ko zurfi sai ta mutu, ruɓewarta kuma ta cinye oksijin. Ba a bakin bututu abin ke bayyana ba, sai can gaba, bayan tafiyar sa'o'i ko kwana. Yawancin kifaye na son miligiram 5 na oksijin a kowace lita ta ruwa. Ƙasa da 2, za a gan su da asuba sun taso saman ruwa suna haki. Shi ya sa awon azahar yaudara ne, lokacin gansakuka na zuba oksijin, da dare kuma ta koma cinye shi. A auna kafin fitowar rana, sama da bututu da kuma wurare biyu ko uku ƙasa da shi, musamman da rani, sa'ad da rabin abin da ke gudu a rafin na iya zama ruwan tafkin. Ga amoniya, wadda dafinta ke ƙaruwa idan pH, ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya hau, na tafki kuwa yakan wuce 9 da yamma. Fosfaros ma, sinadarin da ke ciyar da gansakuka, ba ya raguwa yadda ake so.

Launi na tona asirin ma'aikata. Tafki na biyu ya koma ruwan hoda yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, an yi masa lodi ke nan, galibi saboda na farko ya cika da laka. A kwashe ta da zarar ta kai sulusin zurfi. Ciyawar gefe kuwa masaukin sauro ce, a riƙa nome ta.

Hukuncinmu: a saya, amma da sharaɗi. Kada a karɓi aikin daga ɗan kwangila sai da matatar tsakuwa ko fadamar ciyawa a ƙarshe, ko kuma a juya ruwan zuwa gona maimakon rafi a watannin rani.