Sabuwar tagulla ko tsohuwa: duba ga wani shago a kasuwar Katako

A ɓangaren ƴan tsofaffin ƙarafa na kasuwar Katako da ke Yamai akwai wani shago da maƙeran fari suke yawan zuwa, har da masu aiki a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Ana sayar da sandunan sabuwar tagulla a can, ana kuma sayar da tsohuwa bisa sikeli. A ganina darajar shagon tana ga yadda mai shi yake tantance tsohuwar kafin ta kai hannun maƙeri.

Tagulla haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, kuma ba kowace tsohuwa ba ce take da haɗi ɗaya. Kawunan famfo da makullan bututu galibi suna ɗauke da dalma, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wadda masana'antu suke ƙarawa domin ƙarfen ya yanku cikin sauƙi a inji. Irin wannan tana zubuwa da kyau a aikin kakin zuma, wato zubin da ake fara siffanta abu da kaki sannan narkakken ƙarfe ya maye gurbinsa, tana kuma karɓar zarto, amma bai kamata a ƙera cokali ko wani abin da zai taɓa abinci da ita ba. Mai shagon yana ware ta a buhunta daban, yana kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki. Yana bi da mayen ƙarfe a kan kowane tuli domin ya fitar da baƙin ƙarfen da aka yi wa ruwan tagulla, sannan yana fasa duk abin da yake da rami a shanya shi, saboda ɗigon ruwan da ya maƙale a ciki ya isa ya watsa narkakken ƙarfe a fuskar mai zubi.

Akwai abin da ba ya saye ko kaɗan, wato kwanson harsashi. Maƙera sun san cewa kwanson tagulla ƙarfe ne mai kyau, kashi 70 jan ƙarfe da kashi 30 tutiya, shi ya sa wasu suke kwaɗayinsa. Sai dai a cikin tuli ana iya samun wanda bai tashi ba, kuma idan ya shiga wuta zai fashe. Ga kuma halin tsaron da ƙasa take ciki, inda tara irin waɗannan kaya yake jawo wa mutum tuhuma. Na goyi bayansa a kan wannan matsayi ba tare da wani ja ba.

Sabuwar ta fi tsada sosai, amma ga mai ƙera awarwaro ko zobe ta cancanci kuɗinta, domin launinta ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe. Tsohuwa kuwa, duk narkawar da aka yi mata sai ta rasa wani ɓangare na tutiyarta, wadda take tafasa a digiri 907 ta fita da farin hayaƙi mai cutar da ƙirji, har ƙarfen ya riƙa yin ja.

Inda shagon ya gaza shi ne sabbin sandunan ba sa zuwa da wata takarda da ke nuna haɗinsu, saboda haka mai saye yana dogara ne da bakin mai shago kawai. Ga mai zubin mutum-mutumi, ƙararrawa ko adon sirdi, tsohuwar da aka tantance a nan ta wadatar. Mai aikin ƙwarai da zai fita waje ya sayi sabuwa, amma ya fara da sanda guda ya gwada kafin ya ɗauki da yawa.