Shagon maƙerin da ya gyara usur ɗin kan jirgin kakana

Kakana ya yi aikin jirgin ƙasa a ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos, wanda faɗinsa milimita 762 ne kawai, aka kuma rufe shi a 1957. Ya bar mana usur na tagulla da farantin shaida na wani kan jirgi mai aiki da tururi, duka biyun sun yi baƙi ƙirin. Na kai su wani shagon ƙira da ke kusa da babbar kasuwar Maradi.

Abin da ya fi burge ni shi ne maigidan ya ƙi sa samfefa, domin a cewarsa za ta cinye rubutun, alhali da rubutun nan ne ake gane kan jirgi: sunan kamfanin da ya ƙera shi, da lambarsa, da shekarar ƙira. Ya jiƙa farantin cikin ruwan lemun tsami, ya bi kowane harafi da tsinke da toka mai laushi har lambobin suka fito sarai. Usur ɗin kuwa ya toshe tsagewarsa da dalma, ya ce mini, "Alhaji, wannan ya isa a hura masa iska, amma tururi zai narkar da ita."

Aibinsa ɗaya shi ne jinkiri, don ya yi alkawarin mako guda, sai da aka cinye uku. Duk da haka zan sake kai masa aiki.