Gargaɗi kan masu sayar da dayamon ɗin Free Fire rabin kuɗi, abin da ya same mu a Argungu

Assalamu alaikum jama'a. Wallahi na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan abin saboda a gidanmu ya faru kuma akwai kunya a ciki, amma jiya ina shagon caji nan Badariya sai na ji wani yaro da bai fi shekara 16 ba yana nuna wa abokinsa irin tallar da aka damfari ƙanena da ita sak, har da hoton dayamon, wato kuɗin da ake sayen kaya da su a cikin gem ɗin waya na Free Fire, da rubutun wai rabin kuɗi yau kaɗai, sai na ce a'a, shirun nan ya isa haka.

Ƙanena, autanmu, yana karatu a jami'ar Aliero, shekararsa ta biyu kenan. Tun yana sakandare Free Fire ta shiga jininsa, in ka gan shi ya lafe a lungu da abin kunne yana ta zabga ihu shi kaɗai to ana can ana gwabzawa. Ban taɓa hana shi ba, ni ma ai ina taɓa eFootball da daddare in an kawo wuta. Abin da ban taɓa kula da shi ba shi ne sunan da ya sa wa kansa a ciki. Sunansa na yanka ne ya manna da na Baba, ya ɗan matse su don gurbin ba ya ɗaukar haruffa da yawa, a ƙasa wurin bayani kuma ya rubuta ɗan Argungu, ya ƙara 05, shekarar haihuwarsa. Kuma da wannan sunan yake a Facebook, da shi yake a TikTok, ko harafi bai canza ba.

To mu nan ai sunan mutum adireshinsa ne. Ku duba manyanmu ma, Farfesa Attahiru Jega, Sanata Adamu Aliero, kowa da garinsa a wutsiyar suna, haka a Zamfara za ka ji wane Gusau, wane Ƙaura, wane Mafara, wane Gummi. Tun a firamare malam ke liƙa maka sunan gari ko na uba don ya bambanta Abubakar biyar ɗin da ke ajin. A gari kamar Argungu in ka san sunan yaro da na ubansa ka kuma san sana'ar uban, ɗan kabu-kabu ma zai sauke ka a ƙofar gidan ba tare da ya tambayi kowa ba. Wannan shi yaronmu ya rataya a goshinsa a wurin da ake haɗa ka wasa da mutanen da ba ka taɓa gani ba.

Mutumin da ya damfare mu a cikin gem ɗin suka haɗu da auta. Hausa ras a bakinsa, ya ce shi ɗan Gusau ne, Allah kaɗai ya san gaskiya. Kusan sati uku suna buga sikwad tare, wato a rukuni ɗaya, kullum bayan isha'i, ya iya wasa sosai, har kyautar kaya ya tura masa sau biyu. A tsakanin wasa ta makirfon yake jefo tambaya kamar hira, Argungu wace shiya kake, kai kana hostel ne ko a gari ka kama ɗaki, yaushe kake zuwa gida, Baba har yanzu yana harkar shinkafa? Wannan ta ƙarshen da auta ya ba ni labari sai da na tsayar da shi, na ce kai ka gaya masa Baba na sayar da shinkafa? Ya yi shiru, ya ce a'a Yaya, ban tuna na faɗa ba. Bai faɗa ɗin ba. Na ɗauki wayata a gabansa na rubuta sunan nan a Facebook, shi ne na farko da ya fito, kuma ban yi minti biyar ba na ga hotonsa na ranar shiga jami'a da rigar, na ga hoton bikin yayarmu har da Inna a zaune cikin mata, na ga shi tsaye gaban shagon Baba ranar sallah, allon shagon a bayansa da lambar waya biyu ɓaro-ɓaro.

Daga nan mutumin ya sa auta a wani guruf na WhatsApp, mutum wajen ɗari biyu, kullum ana zuba sikirinshot ɗin alat da godiya, Allah ya saka oga, dayamon ya shigo. Yanzu na tabbata rabinsu layukansa ne ko na yaransa. Auta ya gwada da naira 1,500, ya ba da lambar ID ɗinsa kawai, dayamon ya shigo kuwa cikin minti goma. Banza ba ta kai zomo kasuwa, wannan tsabar ce aka watsa.

Ranar wata Alhamis ya ce akwai babban fakej na dubu takwas wanda a wurin kamfani ya haura dubu ashirin, amma shi wannan sai ya shiga cikin akawun ɗin da kansa ya loda, don haka a ba shi fasuwod ɗin Facebook tunda da shi aka ɗaure gem ɗin. Ya ce wata lamba guda shida za ta shigo ta tes, a karanto masa, ta tabbatarwa ce. Sannan ya ce a kashe waya gaba ɗaya awa uku, wai in saba ta ga waya biyu a akawun ɗaya za ta rufe shi har abada. Yaro ya tura kuɗi, ya ba da fasuwod, ya karanta lamba, ya kashe waya wajen ƙarfe huɗu ya ja bargo ya kwanta abinsa. Lambar nan shida ba ta gem ba ce, ta WhatsApp ɗinsa ce.

Bayan la'asar kaɗan Baba na shago aka kira shi da baƙuwar lamba. Aka kira sunansa cikakke, aka kira na auta, aka ce ɗanka da ke karatu Aliero mun sauke shi a mota yana hanyar zuwa gida, in kana son shi da rai kar ka kira kowa. Baba ya ce ƙarya ne, ya katse, ya kira auta, a kashe. Ya sake, a kashe. Sai ga saƙon murya ya shigo masa daga WhatsApp ɗin autan kansa, muryarsa ce ba ta wani ba, yana ihu wayyo sun kama ni, ku zo ku zo, na mutu. Daga baya muka gane ihun da yake yi a cikin wasa ne mutumin ya ɗauka a rikoda ya yanke ƙarar bindigar gem ɗin ya bar kaɗan a ƙasa. Na saurari abin nan sau ɗaya, ban iya sake ji ba har yau, ni da na san ƙarshen labarin kenan balle tsoho.

Masu cewa ya za a yi babban mutum ya yarda da wannan, don Allah ku yi wa bakinku linzami. Tun sace 'yan makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021 da na Birnin Yawuri a watan Yunin shekarar, da waɗanda ba sa shiga labarai ma, wane uba ne a Kebbi ko Zamfara zai ji irin wannan kira ya tsaya bincike? Tsoron da ke cikin zukatanmu shi ne jarin ɓarayin nan, ba su da daji ba su da bindiga, waya ce kawai da data.

Suka fara da miliyan biyu, Baba na roƙo har suka ce ya tura dubu ɗari uku kafin magariba kuɗin abinci da kati, sauran a yi magana gobe. Dubu 250 ya iya haɗawa, kuɗin wani manomi ne da ya kawo masa shinkafa, ya ruga wurin mai POS ya tura. Sai bayan ya tura sannan ya kira ni, muryarsa na rawa, wanga yaro an ɗauke shi, ka zo gida yanzu kar ka hwaɗa ma kowa. Inna kuwa tuni jininta ya hau an kwantar da ita. Ina kan hanyar tasha tunani ya zo min, yau Alhamis, yaron nan yana da lakca gobe, me zai kawo shi gida? Na lalubo lambar abokin ɗakinsa da kyar ta hannun wani. Ya ce Yaya ai ga shi nan yana barci. Na ce tashe shi. Ya karɓi wayar da muryar barci, wai Yaya lafiya? Wallahi a bakin titi na zauna.

Kuɗi dai sun tafi. Washegari muka je banki aka ce cikin mintoci aka rarraba su zuwa wasu akawun, sunan da ke kan na farkon ma na wata mata ce, da alama hayarsa aka yi ko na sata ne. Mun kai rahoto wurin 'yan sanda, mun cike takardu, muna jira. WhatsApp ɗin sai da muka yi kwana bakwai kafin ya dawo don ɓarawon ya riga ya sa masa nasa fin, wato lambar sirri ta kulle akawun, kuma a cikin kwanakin nan ya bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya da sunan auta yana cewa a ranta masa kuɗin handawut, 'yar Gwaggonmu ta tura dubu biyar, wani abokinsa dubu goma. Akawun ɗin gem ɗin da ya shekara huɗu yana tarawa an sayar, shi wannan ma ya fi yi masa ciwo ina ga, yara kenan.

Ga abin da nake so masu buga gem su riƙe, Free Fire ne ko PUBG ko Call of Duty. Mai sayar da dayamon ko UC na PUBG ko CP na Call of Duty na gaskiya lambar ID ɗinka kawai yake buƙata, ba ruwansa da fasuwod ɗinka, duk wanda ya ce sai ya shiga ciki ɓarawo ne ko da jiya ya loda maka lafiya. Lamba shida da ta shigo wayarka ba a karanta wa kowa, ko wanda ya ce daga kamfani yake. Wanda kuma ya ce ka kashe waya, to ka kira gida kafin komai. Gasar da suke tallatawa a irin guruf ɗin nan wai na ɗaya zai ci dubu ɗari amma sai ka cike fom da cikakken suna da ranar haihuwa da BVN ko NIN, ku tambayi kanku me ya haɗa harbin gem da BVN. Lambar waya ma ba ƙaramin abu ba ce, a OPay da PalmPay in ka cire sifilin farko ita ce lambar akawun, mutum na rubuta ta cikakken sunanka zai fito, Truecaller ma haka take tona mutum.

Sunan gem kuwa a sa na banza wanda bai da alaƙa da kai, ba sunanka, ba na uba, ba gari, ba shekara, kuma kar ya zama shi ne na Facebook ko TikTok ɗinka. A buɗe Gmail daban a ɗaure gem da shi. A sa wa WhatsApp fin tun kafin wani ya sa maka. 'Yan mata masu buga Ludo da sauransu da sunansu na gaskiya, ku abin ya fi muni, don ku da hotunanku za a zo a yi muku barazana. Iyaye kuma ku karɓi lambar abokin ɗakin ɗanku ko maƙwabcinsa ku ajiye, da Baba na da ita da minti ɗaya ya kashe maganar.

Mutumin yana nan bai fasa ba. Ya canza suna, guruf ɗin ma an canza masa suna da hoto, amma salon ɗaya ne, rabin kuɗi, yau kaɗai, ƙaramin ciniki na farko ya shigo lafiya. Ba zan sa lambarsa a nan ba don layin da ya kira Baba da shi mai yiwuwa rajistar wani bawan Allah ce.

Auta ya buɗe sabon akawun, don hana shi ba zai yiwu ba na gwada, sunansa yanzu Ƙosai Mai Zafi. Baba har yau bai gama biyan manomin nan ba, kaɗan-kaɗan yake ba shi duk ranar kasuwa. Inna kuma kullum bayan magariba sai ta kira shi, in ya yi ƙara biyu bai ɗauka ba ni take kira, wai in bincika mata mi ya hana shi ɗauka.